Wanda ya mayar da kuɗin tsintuwa: haka aka haife shi ko haka aka rene shi?

Mai POS:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Gardama ce ta kaure a bakin shagona jiya, na ce bari in kawo ta nan inda akwai malamai. Kun tuna yaron nan mai adaidaita sahu a Kano, wanda wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta kuɗi a babur ɗinsa a 2023, wajen naira miliyan 15, ya neme shi ya mayar masa? Wani ya ce tarbiyyar gida ce. Wani ya ce tsoron Allah ne. Wani dattijo ya ce jini ne kawai, akwai wanda ko a gidan ɓarayi aka rene shi ba zai ɗauki allurar wani ba. Wani kuma ya ce wauta ce, kuma ba da wasa ya faɗa ba. Abin da nake so in sani shi ne, da mutum zai tashi ba wanda ya taɓa ce masa sata haramun ce, ba malami, ba uba, ba alƙali, zai san riƙe kuɗin nan ba daidai ba ne? Ko duk abin da muke kira kirki koya mana aka yi?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambayi mai ba da kaya bashi. Ɗan Adam ido yake jin tsoro. Ka ba mutane layar zana yau ka ga ko dila ɗaya za ta kwana a kasuwa. Yaron nan Allah ya yi masa albarka, amma ai shi ya sa har gidajen rediyo suka ɗauki labarinsa, don ba a saba gani ba. Da haka kowa yake, wa zai kula?

Ɗalibi a Zariya:
Alhaji, maganar layar zana ɗin nan an yi ta a Girka shekara fiye da 2300 da suka wuce. A littafin Aflatun na Jamhuriya, wani mai suna Glaucon ya kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe, in ya juya shi sai ya ɓace wa idon mutane. Da shi ya shiga fada, ya lalata matar sarki, ya kashe sarkin, ya haye karaga. Glaucon ya ce a ba mutumin kirki zobe ɗaya, a ba mugu ɗaya, za a ga hanyarsu ɗaya ce. Shi ma masanin falsafa Hobbes na Ingila a 1651 kusan abin da ya ce ke nan, in babu hukumar da kowa ke shakka to kowa abokin gāban kowa ne.

Amma an gwada abin a zahiri. A 2019 aka wallafa wani bincike a mujallar Science. An kai jakar kuɗi ta aljihu sama da 17,000 a birane 355 na ƙasashe 40. Mutum zai shiga banki ko otal ko gidan waya ya miƙa wa ma'aikaci, ya ce ga abin da na tsinta a waje, ina sauri, ya fice. A ciki akwai katin mai jakar da adireshin imel. Wasu babu kuɗi a ciki, wasu da kuɗi. Masu kuɗin aka fi mayarwa, kashi 51 cikin ɗari, marasa kuɗi kashi 40. Da aka ƙara yawan kuɗin a Amurka da Birtaniya da Poland sai mayarwar ta kai kashi 72. A ƙasashe 38 cikin 40 masu kuɗin aka fi mayarwa. In son kai ne kaɗai ke tuƙa mutum, ai akasin haka ya kamata a gani.

Ɗan Kwari:
Kashi 51 ka ce? To ai ka ba ni gaskiya da bakinka. Rabi sun cinye.

Ɗalibi a Zariya:
Rabi kuma sun mayar, Alhaji, ba ɗan sanda ba mai gadi. Su ne tambayar Mai POS.

Malamin Zaure:
Bismillah. Amsar farko tana cikin Alƙur'ani, ba sai mun je Girka ba. A Suratus Shamsi Allah ya rantse da rai da wanda ya daidaita shi, ya ce ya kimsa masa fajircinsa da taƙawarsa. Duka biyun. Ga hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim, kowane jariri a kan fiɗira ake haihuwarsa, iyayensa ne ke karkatar da shi. Ga kuma faɗin Suratu Yusuf cewa zuciya mai yawan umarni ce da mugun aiki. Saboda haka wanda ya ce mutum farar takarda ce bai yi daidai ba, wanda ya ce kura ce bai yi daidai ba.

Sai dai tambayar Mai POS ta fi haka zurfi, kuma malaman tauhidi sun yi mata babi guda: shin hankali shi kaɗai yana iya yanke cewa abu kyakkyawa ne ko mummuna? Mu'utazilawa suka ce eh. Alƙali Abdul Jabbar, wanda ya rasu a 1025, yana ganin zalunci mummuna ne don zalunci ne, ƙarya mummuna ce don ƙarya ce, shari'a ta zo ne ta bayyana abin da yake nan tun asali. Ash'arawa, waɗanda littattafansu muke karantawa a zaure irin su Ummul Barahin na Imam Sanusi, suka ce a'a. Hankali yana gane abin da ke da daɗi da abin da ke da ciwo, yana gane ilimi ya fi jahilci, amma cewa wannan aikin akwai lada, wancan akwai azaba, wannan hukuncin Allah ne, sai an ji daga manzo. Hujjarsu aya ta 15 a Suratul Isra'i: ba mu kasance masu azabtarwa ba sai mun aiko manzo. Ni nan nake.

Ustaz na Tudun Wada:
Allah ya gafarta Malam, akwai magana ta uku da ba a kawo ba. Ibn Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim sun ce hankali da fiɗira suna gane munin zalunci da shirka tun kafin manzo ya zo, amma azaba ba ta hawa kan mutum sai bayan saƙo ya iso masa. Ayar da Malam ya kawo azaba ta kore, ba ta kore muni ba. Fir'auna ai an kira shi mai girman kai da ɓarna tun kafin Annabi Musa ya tsaya a gabansa. Maturidawa ma na Samarkand sun ba hankali rabo a nan.

Mai kula da zaure:
Jan hankali tun da wuri: ba muhawarar Izala da Ɗariƙa muke yi ba. Duk wanda ya kai mu can zan goge. A ci gaba.

Malamar Raino:
Ni ba malamar tauhidi ba ce, 'yan shekara uku zuwa biyar nake koyarwa. Ku zo ajina lokacin tara. Ka raba biskit, ka ba wannan uku, ka ba wancan biyu. Mai biyun ba zai taɓa nasa ba, zai tsaya yana kallon hannun ɗan'uwansa, leɓe ya fara rawa, sai ka ji "Anti, ba a yi daidai ba". Ban koya masa ba, uwarsa ma ba ta zaunar da shi ta karanta masa babin adalci ba. Amma abin da nake so ku lura, mai ukun ba ya cewa komai. Hannu yake kaiwa baya. Ban taɓa ganin ɗan shekara uku ya kawo ƙara don an ba shi da yawa ba. Sai sun fara girma ne wasu ke miƙo ragowar da kansu.

Haka in ɗaya ya faɗi ya fashe da kuka, akwai yarinyar da za ta bar wasanta ta je ta shafa masa kai, ko ta miƙa masa gorar ruwanta. Akwai kuma wanda zai yi dariya. Gida ɗaya ma kan fitar da iri biyun.

Ɗalibi a Zariya:
Malama, abin da kika gani Mencius na ƙasar Sin ya kafa hujja da shi a ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa. Ya ce duk wanda ya ga yaro na shirin faɗawa rijiya gabansa zai faɗi nan take, ba don neman shiri da iyayen yaron ba, ba don yabon maƙwabta ba. Wani malamin bayansa, Xunzi, ya ce ƙarya ne, asalin mutum karkatacce ne, horo ke miƙar da shi.

A 2007 masu bincike a jami'ar Yale sun nuna wa jarirai 'yan wata shida da wata goma wasan 'yar tsana: wata na ƙoƙarin hawa tudu, ɗaya ta tura ta sama, ɗaya ta turo ta ƙasa. Kusan duk jariran suka miƙa hannu ga mai taimakon. An yi ta kafa hujja da wannan. Sai dai da aka sake gwajin a ɗakunan bincike fiye da talatin a ƙasashe daban-daban, da jarirai kimanin dubu, aka fitar da sakamako a 2024, rabi ne suka zaɓi mai taimakon, kamar dai an jefa kwabo. Don haka kada kowa ya rantse da wannan binciken. Abin da Malama ke gani a aji ya fi shi ƙarfi a wurina.

Malamin Zaure:
Misalin rijiyar nan akwai ɗan'uwansa a littattafanmu. Mu'utazilawa sun ce, ga sarki shi kaɗai a daji, ba ya bin wani addini, ya ga talaka yana nutsewa. Ba mai ganinsa, ba ya jiran lada, amma zai cece shi. Me ya sa, in ba don hankalinsa ya ga kyan ceto ba? Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba su amsa a cikin Mustasfa. Ya ce mutumin nan ya sa kansa ne a matsayin mai nutsewar, abin ya yi masa zafi a rai, sai ya kawar wa kansa da zafin. Ko kuma ya saba ganin ana yabon mai ceto, sai yabo ya manne da aikin a zuciyarsa ko da babu mai yabon a wurin, kamar yadda wanda maciji ya sara ke zabura in ya ga igiya mai zane. Tausayi gaskiya ne, amma tausayi ɗabi'a ce, ba hukunci ba ne. Wani ɗabi'arsa taushi, wani kaushi. In aka ce ɗabi'a ce ma'auni, da me za ka kama mai kaushin?

Baba Fansho:
Malam, ina da ja a nan, a yi mini afuwa. Na yi aikin awo da sikeli na gwamnati kafin in ajiye aiki, kasuwannin ƙauye ba wanda ban taka ba a yankinmu. Bari in gaya muku yadda mai tauye mudu yake yi. Kwano biyu gare shi. Na saye, wanda yake kai wa manomi, an bubbuga gindinsa daga ciki ya yi tumbi, in ya cika kuma sai ya tara hannu a gefe ya yi masa toliya. Na sayarwa kuwa an doki gindinsa daga waje ya shige ciki, wani ma har ya goge bakin da dutse. A ido duk tiya ce. To wannan mutumin, in ka auna masa da kwanonsa na sayarwa, sai ya kusa cire riga. Na sha gani da idona.

Abin da nake nufi, wanda kuke kira mai kaushin nan ba jahilin adalci ba ne. Ya san shi sarai, gwani ne ma, tunda ya san daidai inda ake tauyewa. Abin da ya yi shi ne ya ware kansa daga dokar da yake so a bi masa. Kuma farkon Suratul Muɗaffifina haka ya siffanta su, in sun auna daga mutane suna cikawa, in sun auna musu suna ragewa. Ayar ba ta tsaya tana koya musu menene tauyewa ba, kama su ta yi da abin da suka riga suka sani. Da shi za ka kama mai kaushi, Malam: da bakinsa, ranar da aka yi masa.

Ustaz na Tudun Wada:
Baba ya gama magana. A ƙara da Hilful Fudul. Wani ɗan kasuwa daga Zabid ta Yaman ya kawo kaya Makka, Asi ɗan Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗi. Baƙo ne, ba dangi ba gata. Ya hau dutse ya yi ta kururuwa, sai wasu gidajen Ƙuraishawa, cikinsu har da Banu Hashim da Banu Zuhra da Banu Taim, suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka har a mayar masa da haƙƙinsa. Masu bautar gumaka ne fa, wahayi bai sauka ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarta yana saurayi, daga baya ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci zai amsa. Ga kuma hadisin da ya ce mutane ma'adinai ne, zaɓaɓɓunsu a jahiliyya su ne zaɓaɓɓunsu a Musulunci in sun fahimci addini.

Malamin Zaure:
Na karɓi Hilful Fudul hannu biyu. Amma Ustaz, Larabawan nan dai su ne wasunsu ke binne 'ya'ya mata da rai, suna ganin kare mutunci ne. Hankalin da ya ga zaluncin da aka yi wa Bazabide ina ya tafi ranar da ake haƙa wa jaririya rami? Ba su rasa hankali ba, hujja ma suke kawowa, tsoron talauci, tsoron abin kunya. Hankali lauya ne, duk wanda ya ɗauke shi aiki zai kare shi.

Ustaz na Tudun Wada:
A cikinsu kuma aka sami Zaidu ɗan Amru ɗan Nufail, yana zuwa wurin uban da zai kashe 'yarsa ya ce kada ka kashe ta, ni zan ɗauki nauyinta. Yana cikin Bukhari. Shi wa ya gaya masa?

Ta Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Ni abin da Baba ya faɗa ne ya tsaya mini, amma ina ganin bai kai ƙarshe ba. Mai kwano biyun nan, Baba, yana auna wa mahaifiyarsa da ƙaramin kwanon? Ba ya yi. Maƙwabcinsa da suke sahu ɗaya a masallaci ma da wuya. Baƙauye yake yi wa, ko Bafulatanar da ta kawo nono za ta sayi gero ta koma ruga, ko mu da muke zuwa daga ƙetaren iyaka ba mu san farashi ba. Kowa ya san cuta ba kyau. Inda ake rabuwa shi ne wa ya isa a ce an cuce shi. Jaririyar da Malam ya ambata ba a lissafa ta cikin mutane ba ne, shi ke nan. Kuma ku duba gidajenmu, matar da za ta raba dare tana jinyar ɗanta ita ce za ta bar 'yar aiki 'yar shekara tara ta kwana a tsakar gida cikin sanyin hunturu, ta tashi ta yi asuba ba abin da ya dame ta. Tausayin yana nan cike da zuciyarta, iyakarsa ce ƙofar ɗakinta.

Ɗalibi a Zariya:
Hajiya, wannan ma da wuri yake farawa. A 2007 an gwada jarirai 'yan wata goma a Boston da Paris, mutum biyu suka miƙa musu abin wasa iri ɗaya, ɗaya mai Turanci ɗaya mai Faransanci. Jariran sun fi karɓa daga mai yaren gidansu. Ko magana ba su fara ba.

Ɗan Kwari:
To kun dawo inda na tsaya. In mutum nasa kawai yake tausaya wa, ai sai da bulala.

Baba Fansho:
A'a Alhaji, bulala mun yi ta. Mu ƙwace kwano ranar kasuwa, mako mai zuwa an ƙero sabo. Wanda na ga ya daina da gaske, surukinsa ne ya zama manomin da yake saye a hannunsa. Ka ga ba sabon ilimi ya samu ba, manomi ne ya tashi daga baƙo ya koma nasa. Ni a ganina aikin da annabawa suka fi yi ke nan. Ba su zo su ce wa mutane zafi na da zafi ba. Sun zo su ce bawan nan, da jaririyar nan, da baƙon nan, duk a cikin lissafi suke, kuma akwai ranar da za a buɗe littafin ko ba mai gadi. Wannan kam hankalin mutum ɗaya-ɗaya yana iya hangowa, kamar Zaidu, amma bai cika ɗora gari guda a kai ba.

Malamin Zaure:
Baba, in haka ne tazarar da ke tsakaninmu ba ta da yawa. Ni dai ba zan ce wajibi ba sai abin da Allah ya wajabta.

Ustaz na Tudun Wada:
Ni kuma zan ce mummuna ne tun kafin a hana, hanin ya zo ya tabbatar. Mu bar shi a nan, Malam, waɗanda suka fi mu ba su gama ta ba.

Malamar Raino:
Kafin ku rufe, kada a manta da kunya. Mai biskit ukun nan da ya kai hannu baya, me ya sa ya ɓoye in bai san komai ba? Hadisin Nawwas ɗan Sam'an da yara ke haddacewa a Arba'una ai shi ne, zunubi abin da ya sosa maka rai kuma ka ƙi mutane su gani. Ni dai abin da nake yi, ba na ƙwace biskit ɗin. Ina ce masa gobe kai za ka raba, amma ɗan'uwanka ne zai fara zaɓa. Ku zo ku ga yadda ake raba biskit da ma'auni kamar zinariya.

Mai POS:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma ga wata ta taso yanzun nan, tunda malamai na kusa. Wata mata ta turo dubu 40 asusuna tun shekaranjiya, ga alama lamba ɗaya ta kuskure, sunan ba na yankin nan ba ne kuma ba wanda ya kira. Yaron shagona cewa yake rabo ne. Na je banki sun ce sai ita ta shigar da ƙorafi daga nata bankin.

Ɗan Kwari:
Kada ka taɓa su, kada kuma ka mayar ta wata lambar da wani zai kira ya ba ka, 'yan damfara na yin haka. Rubuta wa bankinka takarda su buga maka hatimi a kwafi, su mayar ta hanyar da kuɗin suka shigo.

Ta Damagaram:
Alhaji, kai da ka ce sai da bulala?

Ɗan Kwari:
Hajiya, na ce mutane, ban ce ni ba. Yaron shagon nan kuma, Mai POS, ka fara ƙirga kuɗin aljihun tebur da kanka kowane dare.